Ranar da Aka Ji Taken Muntaka

Ubana makaɗi ne. Da wannan na fara saboda shekara huɗu na yi a jami'a ban taɓa furta shi da bakina ba. In an tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce manomi ne, kuma ba ƙarya na yi ba, yana da 'yar gonarsa a bayan gida. Amma daga ƙauyenmu, Gidan Baure, har bakin dam ɗin Watari, ba wanda ya san shi da gonar nan. Ɗanliti Mai Ganga aka sani.

Sunansa na yanka Sule, sai dai rabon da a kira shi da shi tun ranar da aka ɗaura masa aure da mahaifiyarmu, Inna Hure. Gangar noma ya gada wurin ubansa, wata ƙatuwa mai nauyin tsiya, wadda ya rataya tun yana saurayi har kafaɗarsa ta hagu ta sauka ta bar ta dama a sama. Siriri ne, baƙi, ba ya son yawan magana. In ya zauna cikin mutane za ka rantse bai san komai ba. Ka bari ya ɗauki gular kiɗa ya tsaya a bakin gona, sai ka ga wani mutum daban.

A wajenmu babu daji. Gona manne da gona, gida nan gida can, duk inda ka tsaya kana hangen danga da rumbun wani. Don haka a da, in mutum zai yi gayya, ba ya wahalar bin gida gida. Goro zai kai wa Baba. In Baba ya miƙa hannu ya karɓi goron nan, magana ta ƙare, ko da zazzaɓi zai fito. Ran gayya, da an idar da sallar asuba, zai tsaya a bakin gonar ya saki ganga, duk unguwannin da ke kewaye su ji, kowa ya saɓa fartanya ya nufo sautin. In gari ya waye ba a ji ganga ba, to an fasa, kowa ya kama gabansa. Shekara arba'in da wani abu yana wannan aiki, bai taɓa karɓar goro aka wayi gari shiru ba.

Kuma ba duka kawai yake yi ba. Duk manomin da ya isa yana da takensa, kiɗansa shi kaɗai. Baba yana tafe a bayan sahun manoma yana lura. Da ya ga ƙugun wani ya fara sanyi, sai ya juya gangar ya kaɗa takensa, ka ga mutumin da ke shirin zubewa ya yi ihu ya wuce kowa. Inna takan ce babanmu da ido yake kiɗa, hannun raka shi kawai yake yi.

A cikin duk manoman nan akwai Muntaka, amininsa tun suna yara. Ƙato ne, mai dariya kamar zai tsaga zaure. Kullum cikin tsokanar Baba yake, wai rago ne ya gudu daga fartanya ya fake da fata. Baba kuma ya ce masa ai shi Muntaka jaki ne, sai an buga masa abu yake tafiya. Haka suka tsufa. Da Muntaka ya rasu, ranar sadakar uku, a gaban jama'a Baba ya ce ya naɗe takensa, ba za a sake jin sa a sarari ba har abada, tunda wanda ke amsa shi ya tafi. Ina aji biyar a sakandare lokacin, ina makarantar kwana, labari kawai aka ba ni, ni kuwa ko a jikina.

Dama kafin nan gayya ta fara mutuwa. Maganin feshi ya zo, mutum ɗaya da goyon tanki sai ya kashe ciyawar da da sai an tara mutum ashirin. Masu hali suna ɗaukar 'yan ƙwadago. Samari sun tafi birni acaɓa. Baba ya rataye gangarsa a kan turaku biyu a ɗakinsa, ya koma gonarsa. Da rani ya tafi Watari tsinkar tumatir a gonakin mutane, tsoho da shi, don kada a koro ni daga makaranta. Ni ne auta, ni kaɗai ne kuma cikin 'ya'yansa na wuce firamare. Sunana Uwaisu, amma Auta yake kira na.

Ni kuwa tun ina ƙarami nake gudun gangar nan. Ɗan maroƙi, haka ake kira na a makaranta, kuma abin yana ci na har cikin ƙashi. In Baba ya ce in zo in riƙe masa fata zai ɗaure, sai in ce ina da aikin gida. Bai taɓa matsa mini ba. Sai ga shi Allah da ikonsa, da na nemi jami'a, aikin jarida na cike a fom, amma aka tura ni karatun tafiyar da harkokin fasaha da al'adu. Ka ji fa! Wanda ya gudu daga ganga ɗaya, aka kai shi inda zai koyi kula da gangunan duniya.

Mutanen gari sun sha dariya. Sama'ilu, ƙanen marigayi Muntaka, ya tare ni a bakin masallaci ya ce, “Uwaisu, wai me ake koya muku?” Na gyara tsayuwa na ce ana koya mana yadda ake gudanar da gidan tarihi da dandalin wasanni, da shirya baje koli, da kula da masu fasaha, da tsara taro. Ya ce, “Au, wato sarkin biki za ka zama. To ai da ka zauna gida babanka ya koya maka kyauta.” Na ji haushi ƙwarai. Baba kuwa da ya ji abin da nake karantawa, murna ya yi irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. A zatonsa na dawo hanya ne.

Karatun yana da daɗi, ba zan ɓata shi ba. Malamanmu mutanen kirki ne. Sun koya mana cewa kayan tarihi ba a taɓa su da hannu tsirara, sun koya mana rubuta takardar bayani, da neman izinin mai abu kafin a yi amfani da abinsa. Wannan na ƙarshen har jarrabawa na rubuta a kansa, na kuma ci da kyau.

Ina shekarar ƙarshe aka shiga matsin nan da kowa ya sani, bayan cire tallafin mai. Ba sai na ba kowa labari ba. A gidanmu an koma cin abinci sau biyu, a wasu gidajen sau ɗaya. Taki ya gagara, maganin feshi ya gagara, 'yan ƙwadago sun gagara. Mutanen da suka manta da gayya shekara goma suka fara tuna ta, don ba wanda zai iya gonarsa shi kaɗai da cikin da babu komai.

A wannan shekarar aka ce kowannenmu ya shirya baje koli a matsayin aikin kammala digiri. Abokaina suna ta fama, wannan zane, wancan saƙa. Ni kuwa sai dabara ta faɗo mini: kiɗan noma. Ina da ganga ta gaske a gida, ina da makaɗi na gaske, ba sai na je nema ba. Malamin da ke duba aikina ya yaba, ya tambaye ni ko na san inda zan samu. Na ce akwai wani tsoho a karkararmu. Wani tsoho! Haka na ce.

Na je gida da bazara da na'urar ɗaukar sauti ta sashenmu. Bayan la'asar muka zauna a gindin darbejiyar bayan gida. Baba ya sauke gangar, ya share mata ƙura da gefen rigarsa, ya ja igiyoyin. Na ce ina son duk taken da ya sani. Allah sarki, sai ya zauna kamar ɗalibi a gaban malami, ya dinga yi ɗaya bayan ɗaya, kafin kowanne ya faɗi mai shi, da ubansa, da inda gonarsa take. Ni kuwa don kada surutu ya ɓata mini sauti, sai ya fara duka nake danna ɗauka. Take na ɗaya, take na biyu, haka na jera su, babu suna ko ɗaya. Can wajen na goma sha wani abu sai ya ɗaga kai yana kallon gonakin. Sannan ya sassauta hannu ya kaɗa wani a hankali, duka uku masu nauyi, ya tsaya, ya sake. Da ya gama idonsa ya yi ja. Ya ce, “Auta, wannan na kunnenka ne kai kaɗai. Kada ya fita.” Na ce to, Baba. Wallahi lokacin batirin na'urar nake dubawa.

Da na ce zan tafi da gangar, Inna ta ce, “Haba Uwaisu, bana fa ana maganar gayya.” Baba ya ce ta bar ni. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ta dawo kafin noman fari. Na ce ai baje kolin sati uku ne ya rage, ko ruwan shuka ba a yi ba za ta dawo. Ya ce Allah Ya sa.

A makaranta gangar nan ta zama abin kallo. Aka sa ta a akwatin gilashi a tsakiyar zauren, na haska mata fitila ta sama. Na rubuta takardar bayani da Hausa da Turanci: an samo ta daga wani makaɗi a karkarar arewacin Kano. Sai aka ɗaga ranar buɗewa saboda babban baƙo ya yi tafiya. Aka sake ɗagawa don a haɗa da zuwan malamin da zai zo daga waje ya ba mu maki. Ruwa kuwa bai jira kowa ba, ya sauka da wuri, aka yi shuka.

Inna Kulu, matar marigayi Muntaka, ba ta da ɗa namiji a raye. 'Ya'yanta mata suna gidajen aurensu da nasu fama. Gonar da ya bar mata ita ce abincinta da na jikoki uku marayu da take riƙo. Ta yi shuka da taimakon Sama'ilu, gero ya tsiro da kyau, ciyawa ta tsiro ta fi shi. Sai ta ɗaure goro biyar a ganye ta aika wa Baba. Gayyar farko ke nan da za a yi da ganga a garinmu cikin shekaru. Baba ya kira ni a wayar maƙwabci kafin ya karɓa. Ya ce, “Auta, an kawo goro daga gidan Muntaka, Asabar ta sama. Gangar za ta iso?” Na ce za ta iso. Sai ya karɓa.

Asabar ta sama ita ce kwana uku kafin buɗe baje kolin. Na sani sarai lokacin da nake amsa masa. Abin da ya kamata in yi ba wuya: in je wurin malamina in ce mai gangar yana bukatarta kwana ɗaya, in kai ta in dawo da ita. Na tabbata da ya yarda, har ma ya ce in ɗauko hoto. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishinsa ina juyowa. Don na san zai tambaya, wane ne wannan makaɗin da ba zai iya jira ba, me ya haɗa ku? Kuma ina tsoron in an buɗe gilashin a ce aikina ya ɓaci. Ran Laraba Baba ya kira, na ce ina hanya gobe. Ran Alhamis na ce mota ce ta yi wuya. Ran Juma'a na ce ya kwantar da hankalinsa. Da na faɗa masa gaskiya tun Laraba, da ya aika wajen Shanono an aro masa wata.

Sai wata dabarar ta sake faɗo mini, kuma har na yaba wa kaina. Ai ina da sautin! Na ari wata ƙatuwar sifika mai batir wurin abokina, na zuba takunan duka a waya. Na ce a raina wannan ma shi ne zamani, ga kiɗa ba gajiya.

Na kwana a Bici, na hau acaɓa da sassafe. Na isa gonar Inna Kulu gari ya fara haske. Baba yana tsaye a bakin gonar da gula a hannu, ya yi ɗamara, ya sa tsohuwar hularsa ta kiɗa. Mutum shida ko bakwai na kusa sun riga sun zo suna jira. Ya dubi bayana, ya dubi bayan babur ɗin, ya dubi abin da na rungumo.

“Ina take?”

Na fara zuba. An ɗaga biki, an kulle zaure, mai makulli ba ya nan, amma ga mafita. Ban san ƙarya nawa na yi cikin minti biyu ba. Ya kalli gular hannunsa, ya soke ta a ɗamara. Na ɗauki shirunsa a matsayin izini, don haka nake so ya zama. Na ɗora sifikar a kan tudun iyaka na ƙure murya.

Abin haushin, da farko ya yi aiki. Sautin ya tafi, mutane suka fara ɓullowa ta cikin gonaki da fartanyu, har an kai mutum talatin. Suna zuwa suna waige-waige suna neman ganga, su ga Baba tsaye hannu sake, su ga akwatin da ke ihu, wasu su yi dariya, wasu su kawar da kai. Aka ja sahu aka sunkuya. Sai dai kiɗan ba ya ganin kowa. Yana zuga wanda bai zo ba, yana kiran wanda ke Legas, mai gajiya yana gajiyarsa ba wanda ya kula shi. Duk da haka ana tafiya, an ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Ni ina tsaye ina jin kaina, har ina ɗaukar bidiyo don in ƙara a aikina.

Rana ta ɗan ɗaga, Inna Kulu ta taho da ƙwaryar kunu a ka, abin da ta iya samu ke nan. Tana tsakiyar gonar sai wani take ya ƙare, wani ya shigo. Duka uku masu nauyi, shiru, sannan aka sake.

Ban gane ba. Na rantse da Allah ban gane ba, ni ɗan Ɗanliti, mai digiri a kan al'adu saura kwana uku. Abin da na gani shi ne fartanyu sun tsaya. Dattawan cikin sahun suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Inna Kulu ta tsaya cak, ta sauke ƙwaryar a hankali kada ta zube, ta zauna a ƙasa cikin geron, ta ja mayafi ta rufe fuska. Abin da Baba ya kaɗa a hankali a bayan gida, ga shi sifika tana kwarara shi har unguwanni uku suna ji, a gonar mutumin, a gaban matarsa. Baba ya yunƙuro da gudu yana cewa, “Kashe! Auta, kashe!” Wayar ta kulle, na kasa buɗewa. Sai da Sama'ilu ya zo ya kife sifikar a ƙasa ya danne ta da ƙafa, sannan na samu na kashe.

Sama'ilu bai ko dube ni ba. Ya juya wurin Baba. Ya ce, “Ɗanliti, a gabana ka ce ka naɗe shi. A gaban gawar ɗan'uwana kusan. Hannunka ne wannan ko ba hannunka ba ne?”

Baba ya ce, “Hannuna ne.”

“Kai ka ba yaron nan ya zo ya kunna mana?”

Nan ne wurin. In an tashe ni daga barci aka ce in nuna inda rayuwata ta karkace, nan zan nuna. Kalma kaɗan ce: ya hana ni, ni ne ban ji ba. Tana bakina. Baba ya ɗan jira, ban sani ba ko daƙiƙa biyar ne, ni dai na ji kamar wuni. Sannan ya cire hularsa ya ce, “Ni na kaɗa, ni na ce ya kunna. Yaro ba shi da laifi. Kulu, ki yafe mini. Jama'a, ku yafe mini.”

Ni kuwa ina tsaye da waya a hannu, kaina a ƙasa. Ban ce uffan ba.

Sai wani dattijo ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Wani ya bi shi. Cikin ɗan lokaci gonar ta rage saura mutum huɗu, su ma ba su kai azahar ba. Ko kunun ba a sha ba. Baba ya ɗauki fartanyar da wani ya bari ya sunkuya a inda sahun ya tsaya. Mutumin da bai taɓa noma a gayya ba, mai shekara kusan saba'in. Na matsa zan karɓa, ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Tafi, Auta. Kana da jarrabawa.” Kuma na tafi. Wannan ma sai na faɗa: na ɗauki sifikar mutane na kakkaɓe ta na tafi.

Baje kolin ya yi kyau. Babban baƙo ya tsaya a gaban gangar ya yi hoto. Malamin waje ya ce aikina ya nuna girmama masu fasahar karkara, na samu makin da ya fi na kowa. A daidai kwanakin Baba yana gonar Inna Kulu shi kaɗai, kwana tara, yana gama tasa da safe ya wuce tata. Bai cim ma ciyawar ba. Gefen gabas duk ya tafi, abin da ta girba bai kai ta watan azumi ba, sai da 'yan'uwa suka dinga tallafa mata.

Na mayar da gangar bayan sati biyu, a cikin mota, nannaɗe da bargo kamar yadda aka koya mana. Baba ya karɓa ya ce sannu da hanya, ya rataye ta a turakunta. Bai yi mini faɗa ba, ranar ko bayanta. Da ma ya zage ni, da na samu sauƙi. Inna ce kawai ta daina haɗa ido da ni na wani lokaci. An yi gayya da yawa a daminar nan da wadda ta biyo, ba a ji gangar Baba a ko ɗaya ba. Na ƙudurta a raina cewa gari ya juya masa baya ne, ba mai kawo masa goro, har ina jin haushin mutanen, wai sun cika riƙo.

Na samu aiki a wata cibiyar raya al'adu a cikin Kano, ina zaune a Bacirawa. Nakan je gida duk wata, in kai ɗan abin da ya samu. Kullum na zo sai in tarar da shi a ƙofar gida, ya tambayi aiki, ya tambayi birni, sannan ya tsaya yana kallona kamar akwai saura. Ni kuma in ce bari in shiga in gai da Inna. Sau da yawa na shirya maganar a mota, in na sauka ta gudu. Nakan ce wata mai zuwa.

Ya rasu ana saura kwana kaɗan ruwan shuka, bayan ciwon kwana huɗu. Ban same shi da rai ba.

Bayan sadakar bakwai na tafi gidan Inna Kulu. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Na durƙusa na gaishe ta, ta yi mini gaisuwar rashi. Sannan na faɗa mata duka. Na ce Baba ya hana ni, ya ce kada ya fita, ni ne ban saurara ba. Na ce bai san ma da sifika zan zo ba, ƙarya na yi ta yi masa har ranar. Na ce abin da ya faɗa a gona ba haka ba ne, ni ya rufa wa asiri. Ina faɗa ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba. Ta ce, “Uwaisu, ai mun sani.”

Na ɗago.

“Duk wanda ke gonar nan ya sani. Wa ya ga Ɗanliti ya rugo yana cewa a kashe, sannan ya yarda shi ya sa a kunna? Kiɗan ya taɓa ni, ba zan ɓoye maka ba, na ji kamar Malam, maigidana, zai fito daga cikin geron. Amma da an ba ni ɗan lokaci zan tashi, a ci gaba da aiki. Ba kiɗan ne ya kori mutane ba. Tsoho ne ya cire hula ya yi ƙarya a gaban jama'a saboda ɗansa, ɗan yana tsaye yana ji. Kai muke kallo, ɗan nan. Da muka ga ba za ka yi magana ba, kowa ya rasa inda zai sa idonsa.”

Na ce, to me ya sa aka daina kai masa goro?

Ta ce, “Wa ya ce an daina? Sama'ilu da kansa ya kai masa, sau biyu, har da ban haƙuri. Ni ma na aika bara. Mayarwa yake yi. Ya ce shi ya yi ƙarya a bakin gona, ba zai sake tsayawa a bakin gona da ganga ba sai an gyara maganar. Sama'ilu ya ce to bari ya same ka. Babanka ya ce a'a, kada wanda ya taɓa ka, yaro ne mai hankali, zai zo ya faɗa da bakinsa.”

Ta tattara ɓawon gyaɗar gefe ɗaya, ta dube ni a karon farko.

“Ga shi kuwa ka zo,” in ji ta. “Ni na yafe maka tun tuni. Sai dai ba ni ce mai jiran ba.”